Kana koyon sabon yaren kod? Bari kwaskwarima sai aikin ya kammala

Wanda ya saba da Python ya shiga koyon Go, idonsa yana canzawa da sauri fiye da hannunsa. Yau ka rubuta fankshin, yana aiki lafiya lau. Gobe ka karanta yadda ake amfani da `interface` (jerin ayyukan da ake so wani nau'in bayani ya iya yi), sai kod ɗin jiya ya koma abin kunya a gare ka, ka farke shi ka sake. Jibi ka gano `goroutine`, wato hanyar Go ta gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, ka sake farkewa. Wata ya wuce, manhajar ba ta ƙaru da komai ba, sai dai fasalinta da ya canza. Kamar yaron tela ne da kullum yake farke hannun riga saboda ya ga sabon salo a shagon maƙwabci, har Sallah ta zo rigar ba ta da wuya.

Ga yadda nake bi da kaina, kuma haka nake gaya wa ƙannen da ke zuwa mini da kwamfutocinsu.

Da farko zaɓi aiki ƙarami wanda yake da ƙarshe. Ni na fi son lissafin adashi: sunayen 'yan adashi, zubin kowa, da wanda kwasa ta zo kansa a wannan zagaye. Rubuta a takarda abin da zai sa ka ce an gama, misali shigar da suna, karɓar zubi, nuna wanda bai biya ba. Muddin ɗaya daga cikinsu bai yi aiki ba, ba ka da izinin komawa gyaran fasalin abin da ya riga ya yi aiki.

Batun tsari da tazarar layi kuwa, kada ka ɓata minti ɗaya a kai. Go yana zuwa da `gofmt`, shi zai daidaita maka, `go vet` kuma zai nuna maka wuraren da ke da alamar matsala. Ko ka ajiye wani `variable` (sunan da ke riƙe da bayani) a cikin fankshin ba ka yi amfani da shi ba, Go ba zai yarda ya haɗa manhajar ba sai ka cire. Abin da na'ura za ta iya gyarawa, bar mata.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wajen kama kuskure. A Python ka saba da `try` da `except`. A Go kuwa sai ka ga `if err != nil`, layin da ke duba ko an samu kuskure, yana maimaita kansa bayan kusan kowane kira, har ka ji kamar kana rubuta abu ɗaya sau ɗari. Nan take zuciya za ta raya maka ka ƙirƙiri wata dabara da `panic` (mai katse aikin manhaja) da `recover` (mai tare katsewar) don ya yi kama da abin da ka saba. Kada ka yi. Maimaicin nan da gangan aka tsara shi, kuma haka za ka tarar a ɗakunan karatun kod na yaren kansa. Ka rubuta shi yadda yake, ko yana ba ka haushi, har sai hannunka ya saba. Haka ma kada ka yi gaggawar rubuta fankshin ɗaya mai aiki da nau'o'in bayani daban-daban, wato `generics`. Google ta fitar da Go a 2009, sigar 1.0 ta zo a 2012, amma wannan damar ba ta shigo ba sai a sigar 1.18 a watan Maris na 2022. Kafin nan an riga an gina manyan manhajoji irin su Docker da Kubernetes da Go ba tare da ita ba. To lissafin adashinka ma zai rayu idan ka rubuta fankshin biyu masu kama da juna.

Duk da haka ƙaiƙayin gyara ba zai bar ka ba, don haka ka ba shi wurin zama. Buɗe fayil ɗaya, ni nakan sa masa suna `daga_baya.txt`. Duk lokacin da ka ji wani wuri ya yi muni, rubuta layi ɗaya a ciki ka ci gaba da aiki. Idan ka dawo kansa bayan an gama, za ka tarar da yawa daga ciki ba su dame ka kuma, wasu ma ka gane gyaran da ka yi niyya shi ne kuskuren.

Yaushe ne ya halatta ka taɓa? Idan kod ɗin yana ba da amsar da ba daidai ba, wannan ai gyaran kuskure ne, yi shi nan take. Idan kana son ƙara wani abu, misali tarar wanda ya yi lattin zubi, amma fasalin da ke akwai ya tare maka hanya, gyara daidai wurin da ya tare, kada ka zarce zuwa maƙwabtansa. Sai kuma ƙa'idar sau uku da Martin Fowler ya kawo a littafinsa na 1999 kan sake fasalin kod: karo na farko ka rubuta, na biyu ka daure ka maimaita, sai a na uku ka haɗe su wuri ɗaya. Ga mai koyo ma ni sai in ce ya ƙara haƙuri, domin bai san yaren sosai ba har ya san wace haɗewa ce ta dace.

Kafin kowane gyara, rubuta gwaji ko ƙarami ne a fayil mai ƙarewa da `_test.go`, ka tabbatar `go test` ya wuce. Sannan kada ka cakuɗa gyaran fasali da sabon aiki a `git commit` ɗaya, wato ajiya ɗaya a tarihin canje-canjen kod, don idan abu ya lalace ka san wanne za ka mayar.

Da zarar abubuwan da ke takardar nan sun yi aiki, sa wa aikin alamar kammalawa da `git tag`, ka rufe shi. Sababbin dabarun da ka koya, kai su aiki na biyu, misali manhajar da ke karanta fayilolin ciniki da yawa a lokaci guda, inda `goroutine` yake da dalilin zama na gaske.