Kafin ka sayi sabuwar sensar zafin indomi, ga yadda nake gwada tsohuwar

Wancan watan wani dattijo ya kawo mini motarsa, 'yar Jamus mai shan dizal, wutar cek injin a kunne, motar kuma ba ƙarfi. Har ya riga ya sayo sensar zafin indomin salansa a leda, don an jona masa kwamfuta a wani wuri an ce ita ce ta mutu. Na ce, "Baba Alhaji, ku ajiye ta tukuna, ku bar mini motar ta kwana." Da safe sai ga waya ta kwanta a jikin salansa, robarta ta narke, tagullar na taɓa ƙarfe. Sensar lafiyarta ƙalau.

Indomi dai shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa yana tace hayaƙi. Ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, yana jin daɗinsa tsakanin 400 da 800. Ya wuce nan sosai, sai ya fara narkewa. Aikin sensar shi ne ta gaya wa kwamfutar mota yawan zafin da ke wurin.

Fara da tabbatar da cewa motarka tana da ita. Yawancin motocin fetur da muke hawa ba su da ita. Adadin da kwamfuta ke nunawa lissafi ne kawai ta yi. An fi samunta a motocin dizal na zamani, da tsofaffin motocin da aka ƙera don kasuwar Japan, masu wata fitila ta musamman a dashbod da ke kunnuwa idan indomi ya yi zafi. Yara a gareji kan rikita ta da sensar oksijin. Ita ta zafin siririya ce kamar fensir, galibi waya biyu gare ta, ta oksijin kuwa yawanci huɗu ko fiye.

Lambobin matsala da ke nuna ta idan an jona kwamfuta su ne P0425 zuwa P0428, sai P0544 zuwa P0546 idan mai ƙera motar ya kira ta sensar zafin hayaƙi. P0420 daban take, tana maganar indomin ne kansa. Lamba kuma layin wutar da ke da matsala take nuna maka, ba ta ce ga abin da ya mutu ba.

Abin da ya sa nake son mota ta kwana: da safe komai ya huce. Murɗa makulli kada ka tayar, ka duba abin da sensar ke karantawa a allon kwamfutar da ka jona, ka kwatanta da zafin ruwan injin da na iskar da ke shiga. Ya kamata su yi kusa da juna, ko da yake wasu sensoci ba sa karanta ƙasa da wani adadi. In ka ga -40, ko wani adadi kamar 1000 a injin da ko tari bai yi ba, to waya ta tsinke ko ta haɗe. Sa yaro ya zuba wa allon ido, kai kuma ka bi wayar kana girgiza ta daga sensa har soket. Inda adadin ya yi tsalle, nan ɓarnar take.

In waya ba laifi, cire soket, makulli a buɗe, ka auna ɓangaren soket ɗin da ke zuwa daga mota da mitar auna wuta. Ya kamata ka sami kusan bolt 5. Babu? Sabuwar sensa ba za ta yi maka komai ba.

Sannan ita kanta sensar. Juya mita zuwa om. Irin da na fi gani, PT200, tana ba da om 200 a digiri sifiri, a inuwar gareji kuwa wajen 220. Hura mata zafi da bindigar zafi, adadin ya riƙa hawa a hankali ba yankewa. Akwai wata iri da adadinta ke sauka in ta ji zafi, don haka duba littafin motar kafin ka yanke mata hukunci. Wadda ta tsaya cik, ko mita ta nuna OL (wato layi ya yanke), ko take tsalle-tsalle, ta gama.

Inda na fi ganin an yi asara shi ne inda sensar gaskiya take faɗi. A motar fetur, fulogi ko koyil ya mutu, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ci da wuta a cikin indomi. Injin na karkarwa, da dare ka leƙa ƙasa ka ga tukunyar ta yi ja kamar garwashi. Wani sai ya sa resisto, ɗan abin da ke yaudarar kwamfuta ta ɗauka zafin daidai yake, a soket don fitila ta mutu. Ni ba na yi, don mota irin wannan in ta tsaya kan busasshiyar ciyawa tana iya tayar da gobara.

In ta tabbata canji ne, fesa mata man kwance tsatsa tun da dare, ka kwance da sauran ɗumi a salansa, da sifana mai kama ta sosai, don zarenta na cinyewa. Sabuwar kada ta faɗi ƙasa, ka mayar da wayar cikin maƙalanta nesa da ƙarfe mai zafi, ka goge lambar, ka ɗan zaga da motar ka sake dubawa.