Kurakuran da masu bin salsala ke yi da takardun suna da na zama ɗan ƙasa

Babban abin da ke ɓatar da mai neman asalin gidansu a Kano shi ne ya ɗauki suna na biyu da ya gani a takarda a matsayin sunan zuri'a. A da mutanenmu ba sa gadon suna ɗaya daga kaka zuwa jika. Ana sanin mutum da sunan mahaifinsa, ko sana'arsa, ko unguwarsu. Makarantar boko ce ta zo da rajista mai neman suna biyu, malamai kuma suka riƙa liƙa wa yaro sunan garin da ya fito. Haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Don haka mutum biyu masu amsa Gwarzo ko Bichi ba lallai su haɗa jini ba, wa da ƙane kuma suna iya fitowa da suna daban-daban. Wani sunan ma laƙabi ne: Dantata ya samo asali daga Tata, matar da ta raini Alhassan. Gyaran shi ne, duk sunan da ka gani, ka kai wa dattawan gida ka tambaya, na uba ne, na mariƙi ne, ko na gari?

Ga kuma alkunya. Kakar da kowa ke kira Ladi, a takardar rabon gado ta kotun alƙali za ka iya tarar da ita Hauwa'u, da ajami. Mamman, Muhammadu da Mohammed kuma sau da yawa mutum ɗaya ne, akawu ne ya bambanta.

Sai batun zama ɗan ƙasa, inda wahalar banza ta fi yawa. Wanda kakanninsa suka zauna a Agadasawa, Alfindiki ko Dandalin Turawa tun zamanin fatauci, kada ya ɓata lokaci yana neman takardar zama ɗan ƙasa da gwamnati ta ba su, domin sun riga Nijeriya kanta zama a birnin. Wannan takarda ta baƙin da suka nema ce, kamar wasu iyalan 'yan Labanan na Kantin Kwari. A tsofaffin fayilolin Turawa ma, Siriyawa ake yawan rubuta su, sai a nema da wannan sunan. A tsarin mulkin 1999, sashe na 27 ya shardanta zaman shekara 15, kuma ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake bi. Matar da ta auri ɗan Nijeriya kuwa ta sashe na 26 take shiga, wato rajista, fayil ɗinta daban ne. Takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ba ta cikin wannan sahu ko kaɗan.

Idan an canza suna, kada ka tsaya a kan takardar rantsuwar kotu kaɗai. Nemi sanarwar da aka buga a jarida, irin su New Nigerian, don a nan tsohon suna da sabo suke jere. Shekarar haihuwar da ke cikin rantsuwa kuwa yawanci kintace ce, sai ka gwada ta da abin da tsofaffi ke tunawa, kamar zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956. Fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, amma kafin ka hau mota, ka fara leƙa Gidan Ɗan Hausa, gidan adana kayan tarihi da ke nan Kano.