Wanda Ya Sauka Sao Paulo, Ya Fara da Takarda Kafin Kasuwa

Ɗan'uwa, daga lokacin da jirginka ya sauka a Guarulhos, filin jirgin saman Sao Paulo ta ƙasar Birazil, Turancinka ya tashi aiki. Mutanen Nijar da Kamaru masu jin Faransanci sun ɗan fi mu sa'a, domin kalmomi da yawa suna kama da juna, amma ko su sai sun koma ɗalibai. Sao Paulo gari ne na mutum sama da miliyan 11, kuma direban bas da mai kanti da ma'aikacin asibiti duk Fotugis suke ji, ba wani ba. Wannan rashin harshe shi ke jefa sabon zuwa hannun dillalai, waɗanda sau da yawa 'yan ƙasarmu ne, su karɓi kuɗinsa a kan abin da hukuma ke yi kyauta.

Fara da CPF. Lamba ce mai alƙaluma 11 da hukumar haraji, Receita Federal, ke ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo. Idan babu ita ba za ka buɗe asusun banki ba, ba za ka yi rajistar layin waya cikin sauƙi ba, mai gida ba zai saurare ka ba. Har a kantin magani mai karɓar kuɗi zai tambaye ka ita, don haka haddace ta. Samunta ba wuya, kuma ko dai kyauta ko kuɗi kaɗan. Duk wanda ya ce ka kawo dala ɗari ya yi maka, cin ka zai yi.

Bayan ita sai katin zama, CRNM, wanda 'yan sandan tarayya, Polícia Federal, ke bayarwa. Babban ofishinsu yana unguwar Lapa, kuma ba a zuwa haka kawai, sai an kama rana ta intanet. Wanda ya shigo da bizar zama ta wucin gadi, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, kwana 90 doka ta ba shi ya yi rajista. Ka tafi da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan mahaifi da na mahaifiya, domin a Birazil sunan uwa na cikin abin da ake gane mutum da shi a takardu. Mu da muka taso ana kunyar ambaton sunan mahaifiya, nan sai ka faɗe shi a gaban baƙo, ka kuma tabbata an rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Harafi guda ya bambanta, Hauwa a nan Hawa a can, sai a mayar da kai gida. Ranar da ka yi rajista za a miƙa maka wata 'yar takarda, protocolo, kafin katin ya fito. Kada ka raina ta. Ita ce shaidarka a banki da wurin aiki, ka ɗauki hotonta a waya, ka sa ta a leda.

Idan abin ya rikice maka, akwai inda ake taimako ba ko sisi. Gwamnatin birni tana da cibiyar baƙi, CRAI, tun 2014. Akwai Missão Paz a unguwar Glicério, ta cocin Katolika ce, amma ba sa tambayar addininka kafin su duba maka takarda ko su haɗa ka da masu neman ma'aikata. Dokar shige da fice ta 2017 ta ba baƙo damar asibiti da makaranta kamar ɗan ƙasa. Je ƙaramin asibitin unguwarku, UBS, ka karɓi katin SUS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati. Ganin likita da rigakafin yara da awon ciki duk kyauta ne, sai dai layin ganin ƙwararren likita yana iya cin watanni. Darasin Fotugis ma kyauta ne a wasu makarantun gwamnatin birni, ƙarƙashin shirin Portas Abertas. A ganina wannan aji ya fi kowace sana'a da za ka kama a watanninka na farko riba, kuma 'yar'uwa da ta biyo mijinta ta fi shi bukatarsa, domin ita ce za ta tsaya gaban malamar yara da ungozoma.

Gida shi ne ciwon kai. Masu haya sukan nemi fiador, wato mai tsaya maka wanda ke da gida nasa na kansa. Ina sabon zuwa zai samo shi? Mafita ita ce ajiyar kuɗi, caução, wadda doka ta hana ta wuce hayar wata uku, ko inshorar haya. Shi ya sa yawancin mutanenmu ke farawa da ɗaki guda a Brás ko Pari ko tsakiyar gari wajen República, daga baya su gangara gabashin birni inda haya ta fi sauƙi amma jirgin ƙasa ya fi cunkoso. Kafin ka amince, tambayi kuɗin condomínio, wato kuɗin kula da ginin, domin a gidajen bene yakan zo daban da haya, wani lokacin ma ya kusa rabinta. Ka kuma nemi rasit da adireshi a rubuce, saboda kusan kowane ofis zai buƙaci shaidar inda kake kwana.

Kada hoton bakin teku ya ruɗe ka. Garin yana kan tudu, kuma Yuni da Yuli sanyi ne mai shiga ƙashi, gidajen kuwa ba a yi su da abin ɗumama ɗaki ba. Zo da rigar sanyi. Daga Disamba zuwa Maris kuma ruwan yamma ne mai cika titi. Wutar yawancin gidaje 127 ce, ba irin tamu ba, don haka dutsen gugan da ka ɗauko daga Sabon Gari ba zai yi zafin kirki ba.

Sai batun ci. Shinkafa da wake ne abincin kullum, ka ce ka zo gida, amma tsaya tukuna: sau da yawa da naman alade ake dafa waken. Kalmomin da za ka haddace tun ranar farko su ne porco, bacon, linguiça, presunto, toucinho da banha, domin duk alade suke nunawa. Feijoada, dahuwar wake da naman alade ta ranar Laraba da Asabar, ba taka ba ce. Abin mamaki, Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Larabawa, amma a kantin unguwa da wuya ka ga tambarin. Mahautan halal suna wajen Brás da Pari, inda Larabawan Lebanon da Siriya suka daɗe. Kuɓewa, rogo, manja, farin wake da doya duk akwai a kasuwar mako da ake kafawa a titin kowace unguwa. Daddawa da kuka da yaji kam, sai wanda ya zo da su.

Juma'a ba ranar hutu ba ce, sai ka shirya da shugabanka na wurin aiki tun da wuri. Akwai Mesquita Brasil a Cambuci, masallaci mafi daɗewa a ƙasar, akwai na Pari, akwai kuma na Bilal Al Habashi a tsakiyar gari inda 'yan Afirka suka fi taruwa. A nan ake jin labarin ɗaki da na aiki. Ba kuma mu ne Hausawan farko a ƙasar nan ba: bayi Hausawa sun shirya tawaye a Salvador ta jihar Bahia a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren Malê a watan azumi na 1835. A can har yau mata na soya acarajé a bakin titi, ƙosai ne sak, sai dai da manja.

Wajen neman abinci, da yawa kan fara da shimfiɗa kaya a titin Brás ko 25 de Março. Ana samu, amma wanda ba shi da izini, ranar da jami'an birni suka yi shara jarinsa ya tafi. Wasu kan wuce kudu, Paraná da Santa Catarina, aikin yankan kaji na halal. Aiki ne na tsayuwa cikin sanyi, amma da rajista. Aiki mai rajista shi nake ba kowa shawara, ko da albashin ya yi kama da kaɗan (mafi ƙarancinsa a 2025 real 1,518 ne, wato kuɗinsu), domin yana zuwa da albashin wata na 13, wato ƙarin albashin wata guda a shekara, da hutu, da kashi 8 cikin ɗari da mai aiki ke tara maka a asusun FGTS. Ciniki kuwa ya koma Pix, tura kuɗi ta waya nan take, wanda babban bankinsu ya ƙaddamar a 2020. Har mai sayar da masara a bakin tasha yana karɓa. Wannan ya sa wayarka ta zama jakar kuɗinka, ɓarayi kuma sun sani. Kada ka tsaya latsa ta a bakin titi a Sé ko República. Shiga kanti ka duba abin da za ka duba. Ka kuma rage iyakar abin da za a iya turawa da dare.

Abu ɗaya ba na sassautawa a kansa. Guarulhos hanya ce ta masu safarar hodar ibilis zuwa Afirka da Turai, kuma a garin Itaí akwai kurkukun da aka ware wa baƙi, 'yan Najeriya ba su yi kaɗan a ciki ba. Hukuncin fatauci shekara 5 zuwa 15 ne, ana kuma ƙarawa idan za a ƙetare iyaka. Ranar da za ka tafi ganin gida, za a zo maka da saƙo: takalmi na Hajiya, man shafawa na amarya, ko wani ya ce zai biya maka tikiti don ka riƙe masa akwati. Tikitin ka ƙi shi. Saƙon kuma a buɗe shi a gabanka, ka zazzage, ka zuba kayan a jakarka da hannunka, ka mayar wa mai shi akwatinsa da kwalinsa.