Abin da za ka yi bayan an naɗe tabarmin zaman makoki

Shekara uku ke nan da rasuwar uwargidana, Allah ya jiƙanta. Mun yi shekara 41 tare a Zariya, ta bar 'ya'ya shida da jikoki sha huɗu. Watan jiya wani abokina ya rasa tasa, ya tambaye ni me mutum ke yi in masu gaisuwa sun watse. Ga abin da na gaya masa.

Fara da bashi. Ana sanarwa a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci bashi ya zo, amma a ƙofar gida ake yi, a gaban maza, alhali harkar mace a cikin gida take. Ka sa babbar 'yarka ta maimaita sanarwar a tsakar gida, sannan ta bi uwar adashi da dillaliya da mai niƙa. Mu da muka buɗe kwallarta, ƙunshin kuɗi uku muka tarar ɗaure a ƙyalle, ko ɗaya ba nata ba ne, ajiyar maƙwabta ce. Sai an biya bashi an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, sannan a raba gado. Kason miji rubu'i ne in ta bar haihuwa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 12. Zannuwanta da kwanukanta ma gado ne, kada a bar dangi su kwashe don kunya sai magada sun yarda.

Wayarta kuwa, kada a ba kowa sai an kwashe saƙonnin muryarta na WhatsApp an adana a wuri biyu. Mu mun yi sakaci, autanmu ya goge wayar ya sa layinsa. Saƙo ɗaya ya rage mana, tana yi wa jikarta faɗa a kan gishirin miya.

Sai sadaka. Ba na shiga gardamar malamai a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya bi malaminsa. Amma na ga gidajen da suka ci bashi don dafa shinkafar arba'in, washegari shi ke nan. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce aikin mamaci yana yankewa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Da mahaifiyar Sa'ad bn Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi, ya ce ruwa, sai Sa'ad ya haƙa mata rijiya. In ba ƙarfin rijiya, a duba abin da ita take yi da hannunta. Tamu tana da almajirai uku da ke kawo kwano kullum da magariba. Ba mu bari kwanon nan ya koma wayam ba. 'Ya'yanmu suna karo-karo duk wata, surukata ce ke tuƙa tuwon.

Wanda aka fi mantawa shi ne ƙawayenta. Manzon Allah kan yanka tunkiya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ka rubuta sunayensu tun kana tuna su. Duk babbar salla, kafin mu taɓa naman layya, nakan ware kaso huɗu in ba jikoki su kai. Jikoki nake aikawa da gangan, domin tsofaffin nan ba sa sakinsu sai sun cika su da labari. A bakin ɗaya daga cikinsu suka ji cewa kakarsu ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli shekara biyu ta biya wa mahaifinsu kuɗin makaranta lokacin da albashina ya tsaya. Ni ban taɓa gaya musu ba, kunya ta hana.

Shi ya sa na ce wa abokina ya tura jikokinsa da waya wurin yayar matarsa ko gwaggonta, in suna raye, su naɗi hirar. Kada su ce “ba mu labarinta”, kuka kawai za su samu. Su tambayi ƙananan abubuwa: wane suna ake kiranta da shi tana yarinya, wa ya yi mata ƙunshi ranar aure, me ta fi tsoro.

Kabari kuma, ka je da 'ya'yanka maza a makon farko, ku riƙe alama, bishiya ko kusurwar katanga, ku ƙirga layi. Damina biyu ta isa ta baje ƙasar, sababbin kaburbura su kewaye shi. Namu layi na biyar ne daga dalbejiyar gabas, na rubuta a bangon littafin da nake ajiye lissafin gida, na nuna wa babban ɗana.