Kurakuran masu riƙe da ɗakin karatu game da shiga ƙungiya

Kwanan baya na leƙa ɗakin karatun wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, na tarar da malamin da ke riƙe da makullin yana ɗaga kwalaye daga ƙasa. Gara ta gama da na ƙasan. Ka ɗauki littafi, bango ne kawai a hannunka, cikinsa jar ƙasa. Na ce, "Malam, ka kai wa 'yan ƙungiya kukanka?" Ya ce, "Wace ƙungiya kuma? Ni ai ba ni da takardar wannan aiki."

Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutane na ɗauka ƙungiyar ma'aikatan ɗakin karatu ta waɗanda suka yi makarantar EBAD ta Dakar, mai horar da ma'aikatan ɗakin karatu, ce kaɗai. Alhali da yawa daga masu kula da littattafan makarantunmu malamai ne da aka miƙa wa makulli aka ce su ji da shi. Su suka fi bukatar ƙungiya. Gyaran ba wuya: je ɗakin karatun Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ka gaida ma'aikatan, ka tambayi yadda ake shiga.

Sai masu shiga su kwanta. Mutum ya biya kuɗin shekara sau ɗaya, ya cusa kati a aljihu, yana jiran a kira shi taro a ba shi kuɗin zama. In ba a kira ba, ya ce ƙungiyar ba ta da amfani. Amfanin yana cikin tambaya ne. Wanda ya shekara ashirin a aikin zai gaya maka ka janye kanta daga jikin bango, ka ɗaga littafi daga ƙasa, ka riƙa duba ƙafafun katako kafin damina. Wani ya nuna maka tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, yadda 200 ke nufin addini, 500 kimiyya, 900 tarihi da labarin ƙasa, don yaro ya daina birkice kanta guda yana neman littafi ɗaya. Wani kuma ya saka maka PMB a kwamfuta, manhajar kyauta ce ta kula da littattafai da aro, ka huta da rajistar aro mai yagaggun shafuka.

Akwai masu cewa harkar 'yan Yamai ce. To, in ba mu zuwa, ta yaya ba za ta zama tasu ba? Mutum biyar daga Maraɗi, Tasawa da Madarunfa sun isa buɗe zauren WhatsApp, su riƙa haɗuwa wata-wata. Ga Katsina kuma a ƙofarmu, harshenmu ɗaya, ƙungiyar ma'aikatan ɗakin karatu ta Najeriya tana nan tun 1962.

Wasu kuma sama suke hange tun ba su taka ƙasa ba, sai IFLA, tarayyar ƙungiyoyin ɗakin karatu ta duniya, wadda aka kafa a 1927 mai hedikwata a Holan, ko AfLIA ta Afirka da ke Akara tun 2013. Suna da amfani, har horo AfLIA kan bayar ta intanet, amma ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ƙungiyar gida.

Malamin nan na ce masa ran da zai je zama na farko kada ya tafi hannu sake. Ya ɗauki hoton kwalayen da waya, ya ƙirga littattafan da suka tsira, ya tafi da guda ɗaya da gara ta ci a cikin leda.