Kafin ka sayi sabon ƙyallen teburin sinuka na gida

Duk wanda ya ajiye teburin sinuka a gida ya san ranar nan da za ta zo, ka buga ƙwallo a hankali kana kallo ta nufi rami sai kawai ta kauce kamar an yi mata magana, ka duba ka ga ƙyallen ya yi fari-fari a wajen da ake fasa ƙwallaye, wato bugun farko da ke watsa su, ga wani ɗan yagewa kusa da ramin tsakiya wanda duk yaran gidan sun rantse ba su ba ne. To lokacin canji ya yi. Kuma a nan ne mutane ke zubar da kuɗi, don yawancinmu abin da muke tambaya shi ne kala, kore ko shuɗi, alhali kala ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Ni na yi wannan kuskuren. Karon farko da na canza nawa, wani mai shago ya ɗauko min wani kore shar mai laushi kamar bargo, ya ce irinsa ake sawa a gasa, na biya ban ko nemi ganin sunan kamfani ba. Ba a yi wata uku ba ya fara fidda ƙananan dunƙule-dunƙulen gashi irin na tsohuwar suwaita, ƙwallo na tafiya tana tsalle. Ashe irin wanda ake matse zare da gam ne, ba saƙa ba ce ma sam. Saboda haka ka fara riƙe wannan, ƙyallen tebur na gaske saƙa shi ake yi da ulu, wato gashin tumaki, wani zalla wani da haɗin nailan. In ka juya bayansa ko ka kalli bakin da aka yanka ba ka ga zare a saƙe ba, ajiye masa kayansa.

Sai kuma ka san wane irin tebur gare ka, don mu nan komai sinuka muke ce masa amma ba ɗaya ba ne. Sinuka ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, da wuya ka same shi a falon mutum. Wanda ya fi yawa a gidaje shi ne na ful, wato pool da Turanci, shi ma kashi biyu ne. Akwai na Ingila mai ƙafa 6 ko 7, ƙwallayensa ƙanana inci 2, sau da yawa ja da ruwan ɗorawa, bakin raminsa a zagaye kuma matsattse. Akwai na Amurka mai ƙafa 7 ko 8 ko 9, ƙwallayensa masu lamba sun fi girma da nauyi, inci 2 da kwata, raminsa da faɗi. Ɗauko tef ka auna cikin filin wasan daga bakin robar da ta zagaye teburin zuwa bakin robar ɗaya gefen, in ka samu inci 88 da 44 to naka mai ƙafa 8 ne, in 100 da 50 ne to mai ƙafa 9 ne. Kar ka yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa maka lokacin da ka sayi teburin, auna da kanka.

Dalilin wannan duk shi ne ƙyallen ma iri biyu ne, kuma kowanne da teburin da aka yi shi dominsa.

Na farko mai gashi. In ka shafa hannu ta gefe ɗaya ka ji sumul, ka dawo da hannun ka ji yana tokare ka kamar ka shafa bayan kyanwa ta baya, to shi ne. Wannan shi ne na sinuka da ful ɗin Ingila, gashin nan a kwance yake ta fuska ɗaya, daga inda ake ajiye farar ƙwallo a fara wasa zuwa ɗaya ƙarshen, kuma yana cikin wasan, don ƙwallon da aka buga a hankali tana bin gashi daban take tafiya da wadda ke hawa kansa. Wanda aka fi sani shi ne Strachan 6811, a garin Stroud na Ingila ake yinsa, kuma ƙyallen kamfanin ne ake shimfiɗawa a gasar sinuka ta duniya, wadda tun 1977 a Shefild ake yinta. Akwai kuma Hainsworth na yankin Yokshaya, tun 1783 suke saƙa, su ne ma ke yin jan yadin nan na rigunan dogaran fadar Ingila, kaga ba 'yan koyo ba ne. Amma fa mai gashi kamar doki yake, yana son hidima, kullum buroshi ta fuskar da gashin ya kwanta, lokaci-lokaci kuma a goge shi da dutsen guga na musamman, busasshe babu tururi.

Akwai kuma wani mai gashin na Amurka mai araha wanda gashinsa bai da wata fuska, ya yi buzu-buzu ne kawai, galibi ulu kashi 75 nailan 25, shi ne teburan gida da yawa ke zuwa da shi daga kamfani. Ba laifi, yana yi, sai dai ƙwallo ba ta gudu a kansa sosai kuma in ya kwana biyu yana fidda dunƙulen nan.

Na biyu mai sulɓi, a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta worsted. Shi kuma ana taje ulun ne a cire gajerun gashi a bar dogaye, a murza zaren da ƙarfi a saƙa shi a matse sannan a aske samansa, in ka kalla da kyau har saƙar kake gani kamar yadin kwat. Ba gashi, ba fuska, duk ta inda ka buga ɗaya ne, kuma ƙwallo na gudu. Babban suna a nan shi ne Simonis na garin Verviers a Beljiyam, tun 1680 suke harkar. Suna da 860 mai ulu kashi 90 nailan 10, shi ne aka fi sawa a manyan gasannin ful, sai 760 mai 70 da 30 wanda ya fi shi gudu, sai 860HR shi ma 70 da 30 da aka yi don juriya. Akwai Gorina na Sifen da Andy na Taiwan, su ma ana wasa da su a gasa.

In teburinka na Amurka ne kuma ƙasansa dutse ne, ni dai shawarata ka daure ka sayi mai sulɓi, ba don gasa ba, don ƙura. Wanda ke zaune a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san yanda hunturu yake, ka share ɗaki da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a kan tebur da yatsa, to mai gashi shanye ƙurar nan yake yi ta shige ciki ta haɗu da garin allin da ake goga wa kan sanda, su zauna tsakanin zare suna cinsa a hankali kamar sanfefa. Mai sulɓi kuwa saƙarsa a matse take, yawancin ƙurar a sama take tsayawa, ka bi da buroshi mai laushi ko tsumma mai ɗan danshi kaɗan shi ke nan. Da damina kuma ulu yana jan laima, duk ƙyalle sai ya rage gudu, to wanda dama can a hankali yake sai ka ji kamar a kan katifa kake wasa. A ƙaramin tebur mai ƙafa 7 dai ban ga amfanin 760 ba, gudun ya yi yawa, farar ƙwallo za ta dinga yawo ne tana faɗawa rami, 860 ya ishe ka.

In kuma naka na Ingila ne, ka tsaya a kan mai gashi in kana son wasan ya zama yanda aka san shi, duk da ana samun masu sa mai sulɓi a kansa don hutu da guga, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma tsaya, leƙa ƙarƙashin teburin tukuna. In katako ne ko filawud ko allon nan na garin katako da aka matse, kamar yawancin waɗanda kafintocinmu ke haɗawa, wallahi kar ka sa masa Simonis, an yi wa jaki sirdin zinari kenan. Katako yana lanƙwasa da laima da zafi, kuma ƙyalle mai gudu tona asirin tebur yake yi, ɗan karkacewar da mai gashi ke ɓoyewa shi fito da ita zai yi fili. Sayi mai matsakaicin kuɗi, sauran ka adana na ranar da za ka sayi mai dutse. Haka in yara ne suka fi hawa teburin, don mai koyo da ke soka sanda ƙasan ƙwallo yana son ta yi tsalle ba ruwansa da sunan kamfani, yaga shi zai yi.

Maganar nauyi da masu sayarwa ke cika baki da ita, wai wannan oza 19 ne wancan 21 ne, tana da amfani in irin ƙyalle ɗaya kake gwadawa, mai nauyin ya fi daɗewa. Amma ba a gwada mai gashi da mai sulɓi da lamba, kuma faɗin bandir ɗin ma ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, don haka kar lamba ta ruɗe ka. Abin da za ka nace a kai shi ne ganin suna, manyan kamfanonin nan suna buga sunansu a jikin ƙyallen, a baki ko a baya, in an ce maka na asali ne amma an yanke wajen sunan ka san akwai magana. Ka tabbatar kuma an ba ka har da na roba guda shida, ba na shimfiɗa kaɗai ba, kuma daga bandir ɗaya, in ba haka ba kalar tana iya sha bamban.

To yanzu kala. Kore ya samo asali ne daga cewa wasan a kan ciyawa aka faro shi a Turai kafin a shigo da shi ɗaki, shuɗi kuma gasannin talabijin suka yaɗa shi, yanzu har ruwan toka ana yayi. Duk suna yi. Ja da baƙi ne nake ce wa mutane su yi hattara, suna da kyau a hoto amma suna gajiyar da ido, a kan baƙi ƙwallo mai lamba 8 ɓacewa take yi, kuma duk ɗigon alli da ƙura sai ya fito. Ko wace kala ka ɗauka nemi alli mai irin kalar, shuɗin alli a kan jan ƙyalle kwana biyu ya mai da shi kamar allon makaranta.

Wanda zai sa maka shi ma rabin aikin ne. Mai sulɓi sai an ja shi ya ɗame sosai kuma daidai ta kowane ɓangare, in ya yi sako-sako gudun da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, kuma sanda ta fi saurin kama shi. Mai gyaran kujeru zai ce maka ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, nemi wanda ya taɓa yi ka je ka ga aikinsa, musamman bakin ramuka, nan ake gane gwani. Ka tsaya a kansa ka ga fuskar mai santsi ce a sama, in mai gashi ne kuma ka ga gashin ya kwanta ta inda ya dace. Tunda an riga an kwance, a duba robar ko ta bushe, a duba mahaɗar dutsen, a sa ma'aunin ruwa a daidaita teburin, don ba ka so bayan wata biyu a sake ɓalle sabon ƙyalle saboda roba.

Kwanakin farko za ka ji ƙwallo na zamewa, ba matsala ba ce, zai zauna. Ɗigon fari da ke fitowa wajen fasa ƙwallaye kuwa ƙuna ce ta gogayya, kuma ƙwallaye masu araha sun fi kawo ta, masu kyau irin Aramith, su ma na Beljiyam, sun fi sauƙi, ko ka ajiye ɗan guntun ƙyallen da ya rage ka dinga ɗora farar a kai lokacin fasawa. Alli a goga shi a gefe ba a saman tebur ba, hodar hannu a bar ta a sayi safar hannu, in lemo ya zube a danna da tsumma kar a dirza. Sai murfi, ko tsohon zanin gado ne ka rufa da zarar an tashi wasa, in teburin na kusa da taga kuma a saki labule don rana tana cinye kala.