Yadda na gyara eriyar da aka nutsar a bodin Peugeot 504

Alhamdulillahi, rediyo ya dawo. Tun da mai walda ya dasa ɗan bututun ƙarfe a gefen baya aka nutsar da eriyar ciki, sai shuuu kawai nake ji. Na canja wayar eriyar, na aro wani rediyon, duk a banza.

Ashe fenti ne ya shiga tsakanin gindin eriya da ƙarfen mota, ya hana su haɗuwa, shi ya sa rediyon ba ya kamawa. Na cire kan batir, na kwance eriyar, na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari tas, na ɗaure noti tam, na shafa giris. Ruwan sama ma ya kwanta a bututun, tsatsa har ta fara ci, sai na yi huda mai faɗin milimita 6 a ƙasansa na sa tiyo don ruwan ya zube ƙasa. Yanzu FM garau.